Littattafan Tanti da Ƙafar Inna

Shekarar da na ci bak, jarrabawar gama lise, wato babbar sakandare, ba ni da wani buri sai na shiga makarantar koyon aikin jinya. Ba wanda ya sa mini wannan a rai. Tun ina ƙarama in aka kai ni asibiti, hankalina ba ya kan allurar da za a yi mini, yana kan hannun matar da za ta yi ta.

Gidanmu yana New Bell, cikin wani lungu da kwata ta kusa cinye hanyarsa. Kakanmu ne ya zo Douala daga arewacin Najeriya da fataucin shanu, mu kuwa nan aka haife mu, nan muka yi lekol, wato makarantar boko, faransanci ya zauna mana a baki kamar Hausa. Baba ya rasu ina shekarar farko a lise. Inna ce ta riƙe mu da suyar makala, wato fanke, da damun kunu a ƙofar gida. Mu uku ne: Yaya babba yana aiki a tashar jiragen ruwa, yana zaune da matarsa a ɗakunan baya, yayata mace tana aure a Garwa, sai ni auta.

Shiga makarantar jinya ta gwamnati sai da konkur, wato jarrabawar da ake tace mutane a ɗauki kaɗan. Ban san abin da ake karantawa ba, a danginmu kuma ba wanda ya taɓa bin hanyar. Da na gaya wa Inna damuwata sai ta ce, "Ai kina da Tanti."

Tanti mutuniyar unguwar Deïdo ce, Kirista, tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ta daɗe da barin aiki. Ita ta karɓi haihuwata, daga nan suka ƙulla ƙawance da Inna. Hausarta a karye take, faransancin Inna ma haka, amma in suka zauna sai su wuni suna dariya. Inna ta ƙunsa mini makala mai zafi, na hau bensikin, babur ɗin haya, har gidanta kusa da gadar Wouri.

Na tarar da ita tana gyara kifi a tsakar gida. Ta saurare ni har na gama, ta wanke hannu, ta kama ni zuwa ɗaki. Daga ƙasan wata kwaba ta fito da littattafai tana buge musu ƙura a cinyarta. Na farko ƙato ne, na ƙirar jikin mutum, bangonsa ya cire, an ɗinke bayansa da zaren buhu. Sai ƙamus na kalmomin asibiti. Sai wani ɗan siriri da bai kai kaurin yatsa ba, kan yadda ake kula da mara lafiya a gado.

"Ma fille, saurara," in ji ta, haka take ce mini, wato 'yata. "Babban nan ki karanta shi da fensir a hannu. Duk abin da kika gani ki zana shi da kanki, kada ki tsaya kallo. Ƙamus kuwa ba a karanta shi daga farko, sai kalma ta tsare ki. Littafin lissafi da na kimiyya na lise kada ki yar da su, za su tambaye ki. Ki je wajen masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa ki nemi tambayoyin shekarun baya. Kuma ki riƙa karanta jarida, ko ta jiya ce da aka ƙunsa gyaɗa a ciki, da littattafan labari duk wanda kika samu. Yara da yawa sun san ƙasusuwa, rubutun faransanci ke kayar da su."

Na ɗaga ɗan siririn na ce, "Tanti, wannan fa?"

"Wannan ba zai fito a jarrabawa ba. Na ranar da aka rufe ƙofa aka bar ki ke kaɗai da mara lafiya ne."

Na ɗauro su a ɗankwali na komo gida kamar wadda aka ba gado.

Karatuna a bakin kasko na yi shi. Da asuba ni ke kwaɓa ƙullu, in rana ta fito Inna na suya ni ina miƙa wa masu saye, littafi a buɗe kan cinyata. Ba shafin da bai sami ɗigon mai ba. Ranar da Inna ta leƙa ta ga hoton mutum tsirara an buɗe cikinsa, sai ta kife faranti a kai, ta ce, "Wannan littafi ba ya da kunya. Ki shiga da shi ɗaki kada malamai su wuce su gani." Amma da yamma ita ce ta ce in nuna mata inda zuciya take. Ta daɗe tana kallo, ta ce ashe ƙarama ce haka, ita da take jin tata ta cika ƙirji.

Na zana ƙasusuwan hannu har na iya su ido a rufe. Tambayoyin baya na same su a gefen kasuwar Dakar ta nan Douala, wajen wani mutum da ya shimfiɗa takardu kusa da masu sayar da bokitai. Na rubuta konkur ɗin farko na faɗi. Ban yi kuka da yawa ba, domin Tanti ta riga ta gaya mini da wuya a wuce a karon farko. Na koma shafin farko.

A shekara ta biyu ne na fara lura da Inna. Tana shan ruwa kamar wadda ta dawo daga gona, tana yawan zagayawa bayi, zanenta kuma kullum sai ta ƙara masa ɗauri. Wata safiya na ga tururuwa sun yi layi a inda ta yi fitsari. Na san na taɓa karanta wannan. Na buɗe ƙamus, na bi daga kalma zuwa kalma, har na tsaya a kan ciwon suga. Duk abin da aka rubuta a wurin kamar mai littafin a gidanmu ya kwana.

Da ƙyar ta yarda muka je gwaji. Likita ya tabbatar, ya tambayi wanda ya gane, Inna ta nuna ni tana murmushi. Kafin mako ya zagayo duk lungunmu sun ji. Aka fara kirana anfirmiya, wato ma'aikaciyar jinya, ana kawo mini takardar magani in karanta, ana kawo yaro in taɓa goshinsa. Na ji daɗin sunan, ba zan ɓoye ba. Ni na koyi yi wa Inna allurarta, ni ke auna mata abinci, ni ke faɗa da ita kan shayi mai sukari. Yaya ya kan ce, "Alhamdu lillahi, muna da likita a gida." Daga lokacin ba wanda ya ƙara damuwa ya san sunan maganinta.

Wanda bai zauna New Bell da damina ba ba zai gane ruwanmu ba. Sama tana iya wuni tana zuba, kwata ta cika ta haɗe da hanya, ruwa baƙi ya shigo har ƙarƙashin gado. A irin wannan rana Inna ta fita janye kaskonta, ta taka guntun kwano a cikin ruwan. Ba ta ji komai ba, domin ciwon ya riga ya kashe mata jin ƙafa. Sai washegari na ga jini ya bushe a silifas ɗinta.

Na ce, "Inna, ɗaga ƙafarki in gani."

"Ba komai, 'yar nan. Ƙuje ce."

Yanka ne ƙarƙashin babban yatsa, ya yi zurfi. A ranar na buɗe ɗan siririn littafin da gaske. Na tafasa ruwa, na wanke hannu yadda aka zana, na wanke ciwon na ɗaure, na kai ta asibiti aka ba mu magani. Safe da yamma ina wankewa. Ban tsallake ko layi ɗaya na abin da littafin ya ce ba. Ciwon bai rufe ba.

A cikin babban littafin, wajen ƙarshe, akwai hoton ƙafa da yatsanta ya yi baƙi kamar gawayi. Na sha wuce shafin nan ina karatun jarrabawa, har na zana shi da fensir kamar sauran. Yanzu sai na koma ina buɗe shi a ɓoye, in dubi hoton, in je in dubi ƙafar Inna. Kullum suna ƙara kama.

Cikin wannan hali na rubuta konkur na biyu. Na wanke mata ciwo da sassafe, na shiga ɗakin jarrabawa hannuna yana warin magani.

Da likita ya ce sai an cire yatsan, Inna ta ƙi. Ta ce da ƙafarta Allah ya halicce ta, da ita za ta koma masa. Wata ƙawarta ta kawo garin magani daga wajen wani mai saiwa, suka barbaɗa ina kasuwa. Na yi kuka, na yi roƙo, na kira Tanti ta zo har gida ta zauna a bakin gadonta tana yi mata magana da karyayyar Hausarta: "Hajja, yatsa ɗaya ka ba su, ka riƙe ƙafa." Sai da zazzaɓi ya kwantar da ita, wari ya cika ɗakin har matar Yaya ta daina shigowa, sannan ta yarda. Lokacin yatsa kaɗai bai isa ba. Ƙasa da gwiwa suka yanke.

Muna asibiti sakamakon konkur ya fito. Wata da muka rubuta tare ta kira ni tana ihu, ta ce ta ga sunana. Ina tsaye a baranda riƙe da fo ɗin Inna. An tura ni wata makaranta a can yamma, cikin duwatsu, tafiyar wuni guda daga Douala. Na ajiye fo ɗin na zauna a ƙasa, na rasa abin da zan ji.

Inna ce ta fara cewa in tafi. Ta ce, "Na rasa ƙafa, ba zan rasa wannan ba kuma." Yaya ya ce za su iya, matarsa za ta koya. Na zauna da ita na nuna mata komai, yadda ake wanke dungun, yadda ake naɗe shi, yadda ake juya Inna kada bayanta ya yi gyambo, wurin da ake soka allura. Yarinya ce mai kirki, ta yi iya ƙoƙarinta, amma duk lokacin da aka kwance bandeji sai ta kau da kai tana toshe baki. Yayata ta Garwa tana da tsohon ciki da ƙananan yara. Na bar musu ɗan siririn littafin a kan tebur na hau mota.

Ban cika wata ɗaya a makarantar ba, amma ina tuna kowace safiya. Gari ne mai sanyi, hazo yana sauka har kan rufin aji. Na ɗinka farar riga wajen telan bakin ƙofa. Rana ɗaya malamarmu ta tambayi yadda ake juya mara lafiyar da ba ya iya motsi, na tashi na nuna a jikin wata ɗaliba. Ta dube ni ta ce, "Ke a ina kika yi aiki?" Na ce a gida. Ta ce in zauna a gaba daga ranar.

Sai Yaya ya kira. Muryarsa a ƙasa, ya ce dungun ya kumbura yana fitar da ruwa, Inna ba ta cin abinci, ta hana kowa taɓa ta.

Na ce, "Yaya, ku kai ta asibiti mana."

"Mun kai. Sun wanke sun ce a ci gaba a gida. Auta, mu ba mu iya ba. Ki zo ko na kwana biyu ne ki daidaita ta, sai ki koma."

Na nemi izini aka ba ni. Ko akwatina ban ɗauko ba, 'yar jaka kawai na rataya.

Abin da na tarar ba na kwana biyu ba ne. Ɗinkin ya buɗe, bayanta ya fara salewa, sugan ya hau. Aka sake kwantar da ita, aka ƙara yanka sama da gwiwa. A asibitocinmu mai jinya daga gida shi ke wanka, shi ke ciyarwa, shi ke gudu sayo magani, kuma duk gidanmu ba wanda ya san waɗannan sai ni. Na kira makaranta na yi bayani, suka ƙara mini lokaci. Na sake kira, suka ce in yi ƙoƙari. A kira na gaba matar ofis ta ce mini cikin ladabi, ta yi haƙuri da abin da ya same ni, amma an rufe rajista, gurbin ba ya jira. Wata 'yar ajinmu ce ta sako mini akwatina a mota, farar rigar a ninke a sama.

Ban ga laifin kowa ba, kuma wannan ya fi ci mini rai. Da akwai wanda zan tsana da na sami sauƙi. Yaya yana fita tun duhu ya dawo a gajiye, duk abin da ya samu a kan maganin Inna yake ƙarewa. Matarsa ta karɓi kaskon makala don kada gida ya rasa cefane. Kowa ya ɗauki abin da ya iya. Ni abin da na iya shi ne Inna.

Shekaru muka yi a haka. Na ce zan sake rubuta konkur in ta samu sauƙi, na ci gaba da karatu a gefen gadonta. Amma karatun ya koma mini wani abu dabam. In na buɗe babin ido, sai in ga abin da suga ke yi wa ido, bayan watanni Inna ta fara laluben kofi a gabanta. In na buɗe babin ƙoda, sai in fara duba fuskarta da safe ko ta kumbura, kuma wata safiya ta kumbura. Sauran 'yan gida suna samun ranakun farin ciki, in ta ci abinci da kyau su ce ai ta warware. Ni ba na samu, domin na san abin da ke shafi na gaba. Daga ƙarshe na tura babban littafin ƙarƙashin gado. Damina ta gaba ruwa ya shiga ya jiƙa shi, ya kumbura ya manne, ban ko yi ƙoƙarin shanya shi ba.

Wata rana da hantsi ina shafa mata mai a baya, ta ce, "Auta."

"Na'am, Inna."

"Na cinye miki karatu."

Na ce, "Ki bar wannan magana. Makaranta tana nan ba ta gudu ba."

"Kada ki yi mini wayo. Idona ne ya mutu, kunnena yana ji. Na daina jin kina buɗe takarda." Sannan ta ce, "Da na ba su yatsan nan tun farko."

Gaskiya ta faɗa, kuma ta san na sani. Na juya ta ɗaya gefen na gyara mata matashi.

Ta rasu ranar wata Talata bayan azahar, ana yayyafi. Ni da wata dattijuwar unguwa muka yi mata wanka. Jikin nan ba inda ban sani ba a cikinsa. Dattijuwar ta duba bayanta ta ce, shekaru a kwance amma ba gyambo ko ɗaya, Allah ya yi miki albarka. Mata suka yi ta maimaita maganar a zaman makoki kamar wata lambar yabo. Ina jin su ina kallon bango.

Bayan arba'in na tattara takarduna na tafi ofishin da ake ajiye dosiye, wato takardun masu neman rubuta konkur. Ma'aikacin ya duba takardar haihuwata, ya ƙirga da bakin biro, ya turo mini ita. Shekaruna sun wuce iyakar da aka sa. Na ce masa na taɓa ci, har na fara zuwa aji. Ya ce ya yarda, amma doka ce. Ya ba ni shawarar makarantun kuɗi. Na je na tambaya a biyu, na fito ban ko karɓi takardarsu ba. Gidanmu ya riga ya tsiyace a jinya, yaran Yaya sun isa lekol, ni ma lokaci ya yi da zan kawo wani abu.

Wani abokin Yaya ya samo mini aiki a unguwar Yassa, can gefen gari, a ofishin wani shagon sayar da tayil da siminti a bakin hanyar Yawunde. Ina rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. Aikin ba wuya, mai gidan ba ya da faɗa. Da safe in ratsa cunkoso in je, da yamma in ratsa in dawo. A unguwa har yanzu ana buga mini ƙofa in an ƙone ko an yanke, in wanke in ɗaure in ce a tafi asibiti. Allura kuwa na daina yi wa kowa, tunda ba ni da takardar da ta ba ni izini.

Kwanakin baya 'yar Tanti ta aiko cewa tsohuwar tana ta ambatona. Na daɗe ban je Deïdo ba. Na tarar da ita a kujera a baranda, ta ƙanƙance, an lulluɓe mata ƙafafu da tawul. 'Yar ta ja ni gefe ta ce hankalinta yana zuwa yana tafiya, kada in damu da abin da za ta ce.

Ta gane ni. Ta riƙe hannuna ta juya shi tana duba farce, kamar yadda ake yi wa ɗalibai.

"Ma fille, wane asibiti suka kai ki?"

Na ce, "Tanti, ban gama ba. Kin tuna, Inna ta kwanta, na dawo. A Yassa nake aiki, wajen masu tayil."

Ta ce, "Ah, haka ne, haka ne." Idonta ya kawo ruwa. Ta tambayi Hajja, na ce ta rasu. Ta yi alamar gicciye ta daɗe tana kallon titi. 'Yarta ta kawo mini ruwa, muka ɗan taɓa hira kan tsadar kifi. Ina ajiye kofin Tanti ta juyo da fara'a, ta sake kama hannuna.

"To gaya mini, wane asibiti suka kai ki? Ɓangaren yara ko na haihuwa?"

Na dubi ƙafafunta. Tawul ɗin ya zame, na ga farcen ƙafarta sun yi tsawo sun lanƙwashe suna shiga nama. Na tambayi 'yarta ko akwai almakashi da ruwan ɗumi. Na ja kujera 'yar tsugunno na zauna, na ɗora ƙafar a cinyata. Tana ta ba ni labarin wata mata da ta haifi tagwaye a cikin taksi a kan gada, tana dariya, ni kuma ina yankewa a hankali don kada in ji mata ciwo. Da na gama ta yi barci. Na fita neman bensikin kafin hadarin da ya taso daga bakin kogi ya sauko.